ƊAURIN RAI DA RAI GA YARA A AMURKA: WA YA SAN GOBEN ƊAN SHEKARA 14?



A zaman ƙara wa juna sani da 'yan uwa matasa suka saba yi bayan sallar la'asar, an gayyato wani ɗan uwa da ya karanci aikin lauya domin ya yi bayani a kan wani al'amari da ya daɗe yana tayar da ƙura a kotunan Amurka, wato ɗaure yaron da bai kai shekara 18 ba har iyakar ransa, ba tare da an bar masa wata ƙofa ta fita ba. Ga jawabin nasa, an taƙaita wasu wurare saboda ƙarancin fili.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, malamin ya fara da bayyana ma'anar hukuncin. Ya ce a yawancin jihohin Amurka idan an ɗaure mutum, akwai wata hukuma da takan zauna bayan ya yi wasu shekaru, ta duba halinsa a gidan yari, ta ji ta bakin waɗanda ya zalunta, sannan ta ga ko za a yi masa sakin talala, ya fita bisa sharuɗɗa ana sa masa ido. Ya ce zama gaban wannan hukuma ba ya nufin lallai a sake ka, ana iya mayar da kai sau biyu, sau uku. To amma akwai wani nau'in ɗaurin rai da rai wanda tun ranar yanke hukunci ake rubuta cewa har abada ba za a kai mutum gaban hukumar ba. Ko ya shiryu, ko ya tsufa, ko ya makance, gawarsa ce kawai za ta fita. Wannan shi ne abin da aka yi wa dubban yara, wasunsu 'yan shekara 13 da 14.

YADDA AKA KAI GA HAKA

Malamin ya ce abin mamaki shi ne a Amurkan aka kafa kotun yara ta farko, a birnin Cikago a 1899, bisa tunanin cewa yaro gyara yake buƙata fiye da azaba. Sai dai daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 kashe-kashe suka yawaita a tsakanin matasan birane saboda miyagun ƙwayoyi da bindigogi, tsoro ya kama jama'a. A 1995 wani malamin jami'ar Princeton mai suna John DiIulio ya yi rubutu yana cewa ga wani sabon iri na yara nan tafe, marasa imani da nadama, har ya laƙaba musu suna mai ma'anar manyan namun dawa masu farautar mutane. 'Yan siyasa suka yi caraf suka cafe maganar. Kusan kowace jiha ta sauƙaƙa hanyar kai yaro kotun manya, inda doka a wurare da yawa ta riga ta yanke cewa wanda aka samu da kisa mai tsanani ba shi da wani hukunci sai rai da rai ba sakin talala.

"To 'yan uwa, sai me ya faru?" in ji malamin. "Namun dawan ba su zo ba. Daga tsakiyar shekarun 1990 laifukan matasa suka yi ta raguwa. Shi kansa mai maganar, a 2012 ya sa hannu a takardar da aka kai Kotun Ƙoli yana cewa hasashen bai tabbata ba. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe a kan yara wajen 2,500."

Ya ƙara da cewa fiye da rabin waɗanda aka yi wa wannan hukunci baƙaƙen fata ne, alhali baƙaƙe ba su kai kashi 15 cikin ɗari na mutanen ƙasar ba.

ABIN DA TSARIN MULKI YA CE

Daga nan malamin ya shiga gundarin maganar. Ya ce a tsarin mulkin Amurka akwai gyara na takwas, wanda aka zartar a 1791, da ya hana yi wa mai laifi horo na mugunta wanda ya saɓa wa al'ada. Kalmomi ne 'yan kaɗan, ba a ambaci yaro ba, ba a ambaci shekaru ba. Saboda haka rigimar duka a kan fassara take, kuma alƙalai tara na Kotun Ƙoli su ke da ta cewa.

Ya ce alƙalan sun kasu biyu. Kashi na farko suna ganin ana auna mugunta ne da yadda hankalin al'umma yake ci gaba, abin da aka ɗauka daidai ne jiya yana iya zama zalunci yau. Wannan ra'ayi kotun ta kafa shi tun a 1958. Kashi na biyu suna ganin aikin alƙali shi ne ya tsaya a kan abin da kalmomin suke nufi lokacin da aka rubuta su, sauran kuwa a bar wa majalisun jihohi, tunda su jama'a ta zaɓa. Duk shari'o'in da za su biyo baya, a tsakanin waɗannan biyu ake jan igiya.

Na farko shi ne batun kisa. A 1989 kotun ta ce babu laifi a kashe wanda ya yi kisa yana ɗan shekara 16 ko 17. A 2005, a shari'ar Christopher Simmons na jihar Mizuri, wanda ya kashe wata mata yana ɗan shekara 17, kotun ta janye waccan magana da ƙuri'a biyar da huɗu, ta haramta hukuncin kisa ga duk wanda ya aikata laifi kafin ya cika 18. Alƙali Anthony Kennedy ya kawo dalilai uku, waɗanda malamin ya ce a riƙe su da kyau domin su ne ginshiƙin komai: yaro yana da gaggawa da rashin auna ƙarshen abu; yaro yana da saurin bin abokai kuma ba shi da ikon barin mugun gida ko muguwar unguwa; sannan halin yaro bai gama ƙafewa ba, danyen kara ne da ake iya tanƙwarawa. Likitoci ma sun nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai aikin birki da auna al'amura, ba ya gama nuna sai mutum ya wuce shekara 20.

YARON FULORIDA

Malamin ya ce da aka rufe ƙofar kisa, sai lauyoyi suka ce to ai ɗaure yaro har mutuwa ma kisa ne a hankali. A nan ya kawo labarin Terrance Graham. A 2003, yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka yi yunƙurin fashi a wani gidan abinci a birnin Jacksonville na jihar Fulorida. Ɗaya daga cikinsu ya bugi manajan da ƙarfe, suka gudu ba su ɗauki ko sisi ba. Aka sassauta masa, ya yi kusan shekara guda a tsare aka sake shi bisa sharaɗi. A ƙarshen 2004 aka sake kama shi da zargin fashi a wani gida. Masu gabatar da ƙara sun nemi shekara 30, alƙali kuwa ya ce shi ya fid da rai da gyaruwar wannan yaro, ya ba shi rai da rai. Jihar kuma ta riga ta soke sakin talala. Ga shi bai kashe kowa ba.

A 2010 Kotun Ƙoli ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki: yaron da bai yi kisa ba, dole a bar masa hanya ta haƙiƙa da zai nuna ya natsu ya gyaru. A lissafin kotun, masu irin wannan hukunci 123 ne a ƙasar baki ɗaya, 77 daga cikinsu a Fulorida kaɗai. Daga baya aka mayar da hukuncin Graham shekara 25.

'YAN SHEKARA 14 GUDA BIYU

Saura masu kisa. A 2012 kotun ta haɗa shari'o'i biyu. Na farko Evan Miller na jihar Alabama. Mahaifiyarsa mashayiya ce, mijinta yana azabtar da shi, ya yi yunƙurin kashe kansa sau huɗu, na farko yana ɗan shekara shida. A 2003, bayan sun sha sun bugu, shi da abokinsa suka lakaɗa wa wani maƙwabci duka da sanda, suka cinna wa ɗakinsa wuta, mutumin ya mutu a ciki. Malamin ya ce kada kowa ya raina wannan laifi, kisa ne na rashin imani.

Na biyu Kuntrell Jackson na jihar Akansas. A 1999 ya bi wasu yara biyu za su yi sata a shagon hayar kaset ɗin bidiyo. A hanya ya gane cewa ɗayansu ya ɓoye bindiga a riga. Da farko ya tsaya a waje, daga baya ya shiga. Mai bindigar ya harbe matar da ke tsaron shagon. Jackson bai taɓa kunamar bindiga ba, amma dokar can ta ce idan aka yi kisa a cikin fashi, duk wanda ke cikin fashin mai kisa ne.

A nan malamin ya dubi matasan da ke wurin ya ce, "Ku ji da kyau. Rakiya ya yi. Tafiyar da ba ta fi ta nan zuwa bakin kasuwa ba, ita ta ci masa ƙuruciyarsa. Wanda ya ce maka zo ka raka ni, ka tambaye shi ina, kuma ka tambaye shi me ke cikin rigarsa."

Ya ce a shari'o'in biyu hannun alƙali a ɗaure yake, doka ba ta ba shi damar duba shekaru ko tarbiyya ko girman rawar da yaro ya taka ba. Lauya Bryan Stevenson, baƙar fata mai kare talakawa a Alabama, shi ya tsaya musu. Da ƙuri'a biyar da huɗu kotun ta ce dokar da ta wajabta wannan hukunci a kan yaro haramtacciya ce, dole alƙali ya saurari labarin yaron tukuna. Alƙaliya Elena Kagan ce ta rubuta hukuncin, ta kuma nuna cewa idan an yi haka, waɗanda za su cancanci rai da rai ba za su yi yawa ba.

Malamin ya ce adalci ne a faɗi hujjar waɗanda suka ƙi. Babban Joji John Roberts ya ce ta yaya za a kira hukunci baƙo ga al'ada alhali jihohi 28 da gwamnatin tarayya sun wajabta shi, kuma mutum wajen 2,000 suna ɗaure a kansa? A ganinsa al'umma tana da ikon kare kanta, kuma sauƙin hukunci ba shi ne kullum alamar wayewa ba. Haka nan iyalan waɗanda aka kashe da yawa sun koka cewa an yi musu alkawarin magana ta ƙare, ga shi za a riƙa kiran su kotu ana fama musu gyambo. Malamin ya ce wannan kuka gaskiya ne, wanda aka kashe wa uba bai damu da shekarun mai kisan ba.

TSOHON DA YA SHIGA YANA YARO

Tambaya ta gaba ita ce, waɗanda aka riga aka ɗaure tun da daɗewa fa? Wasu jihohi suka ce hukuncin 2012 bai shafe su ba. Sai shari'ar Henry Montgomery ta zo. A watan Nuwamba 1963, yana ɗan shekara 17, ya harbe wani ɗan sanda a yankin Baton Rouge na jihar Luwiziyana. A kurkukun Angola ya girma, ya yi furfura, ya taimaka aka kafa ƙungiyar dambe, ya zama mai yi wa sababbin fursunoni nasiha. A 2016 kotun ta ce hukuncin ya shafi na baya ma, kuma ɗaurin har mutuwa sai ga yaron da laifinsa ya nuna lalacewar da ba ta da magani. Duk da haka hukumar sakin talala ta mayar da shi sau biyu. Sai a Nuwamba 2021 ya fita, yana ɗan shekara 75.

Malamin ya ambaci Joe Ligon na birnin Filadelfiya, wanda aka kama a 1953 yana ɗan shekara 15, bayan shi da wasu yara sun sha giya sun kai wa mutane hari da wuƙa, mutum biyu suka mutu. Ya amsa cewa ya soki wani, ya musanta kisa. Ya fita a Fabrairu 2021 yana da shekara 83. "Shekara 68," in ji malamin. "Ya shiga tun kafin ƙasashenmu su sami 'yanci. Iyayensa duk sun rasu yana ciki."

KOTU TA JA DA BAYA

Ya ce kada a ɗauka magana ta ƙare da daɗi. Alƙali Kennedy ya yi ritaya a 2018, Alƙaliya Ruth Ginsburg ta rasu a 2020, aka naɗa waɗanda suka fi karkata ga ɗaya ra'ayin. A Afrilu 2021 aka yanke shari'ar Brett Jones na jihar Misisifi, wanda ya daɓa wa kakansa wuƙa har lahira a 2004 yana ɗan shekara 15. Lauyoyinsa suka ce tunda an ce hukuncin na wanda ba zai gyaru ba ne, to dole alƙali ya bayyana cewa ya gano wannan yaro ba zai gyaru ba. Da ƙuri'a shida da uku kotun ta ce ba dole ba ne. Muddin alƙali yana da zaɓi kuma ya san shekarun yaron, ya wadatar. Alƙaliya Sonia Sotomayor ta yi raddi mai zafi, tana cewa an zare wa hukunce-hukuncen baya laka.

A cikin wannan watan dai aka sake yanke wa Evan Miller hukunci a Alabama, aka mayar masa da rai da rai ba sakin talala. Kuntrell Jackson kuwa ya fita tun 2017. Saboda haka, in ji malamin, matsayin doka shi ne: ba a kashe yaro, ba a ɗaure shi har mutuwa idan bai yi kisa ba, doka ba za ta wajabta hakan ba ko ya yi kisa, amma alƙali yana da ikon zaɓar hakan in ya ga dama. Akwai kuma wata dabara da wasu kotuna suke yi, su ba yaro shekara 70 ko 90, su ce ai ba rai da rai ba ne.

Ya ce abin da ya fi buɗe ƙofofin kurkuku shi ne aikin da aka yi jiha-jiha. Fiye da rabin jihohi 50 sun soke hukuncin ga yara gaba ɗaya, har a 2024 babbar kotun jihar Masacusets ta faɗaɗa hanin zuwa 'yan shekara 18, 19 da 20. Mutum fiye da 1,000 sun fita, ɗaruruwa suna nan ciki. Yaro biyu masu laifi iri ɗaya, wannan zai ga hukumar sakin talala, wancan zai mutu a ɗaure, bambancinsu kawai iyakar jiha.

Malamin ya tuna wa jama'a cewa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 37, ta hana wannan hukunci. Amurka ta sa hannu a 1995, amma majalisarta ba ta amince ba, kuma tun da Somaliya ta amince a 2015 ita kaɗai ta rage a cikin membobin Majalisar.

DA'AWAR SANIN GAIBU

Da ya zo taƙaitawa, malamin ya ce shi bai zo ya wanke kowa ba. Wanda ya zubar da jini dole ya ɗanɗana hukunci, kuma akwai wanda ko an duba shi bayan shekara 30 za a ga bai dace a sake shi ba. Matsalar wannan hukunci ita ce, ya ɗora wa alƙali abin da ba ɗan Adam ɗin da zai iya. Ana so ya dubi ɗan shekara 14 yau, ya rantse a kan yadda zuciyarsa za ta kasance yana da shekara 60. Manyan likitocin ƙwaƙwalwa sun shaida wa kotu cewa su kansu ba za su iya rarrabe yaron da zai gyaru da wanda ba zai gyaru ba.

Ya kawo hujja daga Filadelfiya, birnin da ya fi ko'ina yawan irin waɗannan fursunoni. Binciken da malaman jami'ar Montclair suka fitar a 2020 ya bi sawun mutum 174 da aka saki, aka tarar biyu kacal ne aka sake samu da wani laifi a kotu. "Waɗannan fa," in ji shi, "su ne aka rubuta wa cewa ba za su taɓa zama mutane ba."

TAMBAYA

Wani matashi ya tambaya, shin a fiƙihu ɗan shekara 17 ba baligi ba ne? Malamin ya ce tambaya ce mai kyau, kuma kada a yi gaggawar cewa mizanin biyu ɗaya ne. A fiƙihu balaga ce iyaka, ana gane ta da alamomi, idan ba su bayyana ba Malikawa suka ce shekara 18, Shafi'awa suka ce 15. Yaron da bai balaga ba ba a yi masa ƙisasi, a wurin mafi yawan malamai gangancinsa hukuncin kuskure yake ɗauka, danginsa su biya diyya, shi kuma a ladabtar da shi. Wanda ya balaga kuwa ya hau kan hukunci, sai dai an bar wa magadan mamaci zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafewa. Ya ce sauran bayani a nemi malaman fiƙihu, amma abu ɗaya a fili yake: ƙofar tuba ba a rufe ta ga mai rai, kuma babu mahalukin da aka ba ikon ya ce wane ba zai shiryu ba.

Ya rufe da jan hankalin matasa cewa kusan duk labaran nan da abu uku suka fara: maye, mugun aboki, da makami a hannun mai fushi. Ya ce kowane ɗan uwa ya san wani ƙane a unguwarsu da aka soma cewa ya lalace, ba ya jin magana, a rabu da shi. To wannan kalma ita ce dai alƙalin Fulorida ya faɗa, sai dai shi yana da hatimi. Ya roƙi kowa ya nemi irin wannan yaro tun kafin 'yan sanda su neme shi, ya ja shi makaranta ko wurin sana'a, kuma kada ya gaji da wuri.

An tashi da addu'ar Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya ba iyalansu haƙuri.